Gwaggo Mai Kawo Dare da Rana Tsaka

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Gwaggo, yayar babana, ta cika ranar wata Talata da hantsi, a tsakiyar bazara, lokacin da zafi ke hana kaji fitowa daga ƙarƙashin rumbu. Kafin azahar gidan ya cika, ba masaka tsinke.

Ban taɓa zaton tsohuwar da ba ta bar ɗa ko jika na cikinta ba za ta tara mutane haka. Wani direban bas mai jigila tsakanin Minjibir da birni ya sauke fasinjojinsa a bakin titi, ya shigo da motar har ƙofar gida, ya zauna a dakali yana kuka da gemunsa da komai. Wata mata ta taho tun daga Kunci da goyo a baya, ta ce ita yanzu ba ta san kowa a gidan ba, ɗakin kawai take so a nuna mata. Tsofaffi suna ta cewa ta huta, ta huta. Matan unguwa masu ƙananan yara kuwa ba su ɓoye abin da ke ransu ba. Na ji wata tana ce wa 'yar'uwarta, "To yanzu ina za mu kai su da rana?"

Da aka gama wanka aka suturta ta, babana ya tsaya a bakin zaure yana dogara sanda, ya ɗaga murya yadda mata za su ji daga ciki. Ya ce, "Jama'a, ga ta nan za a fita da ita. Duk wanda ta ɓata wa, ya yafe mata don Allah." Gida ya ɗauka gaba ɗaya, mun yafe, mun yafe, Allah ya yafe mana. Ni ina zaune a gindin turmi, na ja mayafi na rufe baki. Ban ce komai ba, kuma da gangan na ƙi faɗa.

Shekara tara ke nan ba abin da ke haɗa ni da ita sai ina kwana, ina gajiya. Dalilin kuwa ɗana ne na fari, wanda ita ta raine shi, wanda ya tafi birni bai dawo ba. A raina ita ta tura shi da waƙoƙinta. Zan faɗi wace ce ita tukuna, don ban yarda a manta da ita ba, ko da ni ce mai ba da labarin.

Gwaggo ta yi shekara goma sha tara a cikin birnin Kano, tana auren wani maigadin sito. Auren kulle ne, mace ba ta fita unguwa sai bayan magariba. Shi ya sa takan ce, "Ni ban san birni da rana ba. Ko ƙofar gidanmu ban san launinta ba sai ranar da aka fito da gawar maigidana." Barka, biki, dubiya, duk a cikin dare ta yi su, tana bin bayan wata tsohuwa, tana kallon duniya ta gefen mayafi. 'Ya'ya uku ta haifa, duk ƙasa ta karɓe su tun ba su yi wayo ba. Da mijin ya rasu ta dawo gidan ubanta da akwati ɗaya da wasu tsofaffin fallayen kwano da aka ba ta cikin gado, aka rufa mata ɗaki da su.

Mu a lokacin abin da muka sani na birni shi ne shararsa. Jakunanmu su kai itace da kara, su dawo da toka da juji a mangala, a zuba a gona. Sai ga mace ta zo tana cewa akwai fitila a kan sanda wadda ba mai zuba mata kananzir.

Kwanon ɗakin nan nata tsatsa ta cinye shi, duk huji ne. Babana ya yi ya yi ta bari a liƙe, ta ce wanda ya taɓa mata rufi sai sun yi shari'a. Da damina ta jera kwanuka da ƙore a ƙasa su tari ruwa. Ba mu gane abin da take nufi da hujin nan ba sai da ta fara tara yara.

Ƙanana take ɗauka, 'yan shekara uku zuwa biyar, waɗanda ba su isa allo ba balle boko. Rana na take tsaka sai ta tafa hannu, su shiga ɗakin. Ta tura ƙyaure, ta rataya tsohon bargo a taga, ta cusa tsumma a ƙasan ƙofa, ta ce, "To, dare ya yi. Kowa ya kwanta rigingine." Ɗaki ya yi duhu ƙirin, sai hasken rana da ke tsiyayowa ta hujin kwano, ɗigo-ɗigo, sun fi ɗari. Ta ce, "Ga birni can. Kowa ya zaɓi fitilarsa." Danga ce kawai tsakanin gidan aurena da gidanmu, don haka duk abin da ake yi a kunnena ake yi. Sai ta fara, da muryar nan tata mai kauri kamar ta namiji:

Dare ya yi a birni, birni bai kwanta ba,
Fitila a kan sanda, ba wanda ya riƙe ta.
Tela na taka keke, allura ba ta barci,
Mai shayi ya ɗaga hannu, shayi na gangarowa.
Jirgin ƙasa ya yi kuka daga nesa,
Maigadi ya ce, na ji ka, wuce.

Ba ta sa su maimaitawa kamar karatun allo. Ta faɗi baiti ɗaya ta yi shiru, har sai shirun ya dame su. Sannan ta ce, "Wa ya ji keken tela?" Sai ka ji harsuna suna ta ƙarƙar-ƙarƙar. Ta ce, "Jirgin nan da ya yi kuka, me aka yi masa?" Wani ya ce uwarsa ce ta tafi unguwa ta bar shi. Ba ta taɓa cewa ba haka ba ne. Takan ce, "Ashe! Ni duk zamana a can ban sani ba."

In sun saba sai ta ce kowa ya kawo nasa baitin. Tana buga cinya a hankali, in baitin ya hau kan bugun ta karɓa, in ya zarce ta ce, "Kai, wannan gurgu ne, ƙafa ɗaya ta fi ɗaya. Mai da shi gida ka gyaro." Yara su yi ta dariya a cikin duhu. In kuwa yaro ya kawo mai kyau, shi ke nan ya shiga waƙar har abada, na bayansa su gaje shi.

Malamin allo na unguwarmu ya taɓa zuwa har gida, ya tsaya a zaure ya ce wa babana a ja mata kunne, tana cika wa yara kai da waƙe-waƙe tun ba su san alif ba. Gwaggo ta ji. Ta fito da zani a kafaɗa ta tsaya bayan asabari ta ce, "Malam, sannu da rana. Kai suna shekara shida kake karɓarsu, da bulala a hannu. Ni kafin nan nake koya musu su yi shiru su saurara. Tsakaninka da Allah, a cikin nawa ka taɓa samun wanda bai iya sauraro ba?" Malam ya yi gyaran murya, ya ce shi dai a riƙa farawa da bisimilla. Ta ce, "Da me kake zaton nake farawa, da ganga?" Bayan shekara biyu shi da kansa ya aiko da 'yarsa.

A hannun wannan mata na sa ɗana. Ɗan fari ne, kuma kowa ya san yadda muke da ɗan fari. Ba na kiran sunansa, ba na ɗaukarsa a gaban mutane, in ya faɗi ya fasa baki sai in kau da kai wata ta ɗaga shi. Kunya ke nan, haka na tarar ana yi, haka uwata ta yi wa yayanmu. Ranar da aka yaye shi aka miƙa shi ta kan danga, Gwaggo ta karɓe, ta ce, "Ga angona ya iso." Tun daga nan a ɗakinta yake kwana. Ni kuwa Yaya yake ce mini, kamar yadda ƙannena ke faɗa.

Yana shekara huɗu aka shiga shekarun nan da ba na son tunawa. Ruwa ya ɗauke gero na fitar da kai, shekara biyu a jere. Muka ci tafasa, muka ci rama ba ƙuli, muka ci dusar da a da akuya muke ba. Tukunya sau ɗaya take hawa murhu, da yamma. Babu lokacin da ya fi rana tsaka wuya, lokacin da yaro ya saba a miƙo masa wani abu, ya zo ya tsaya a gabanka yana kallon hannunka. Wallahi na ga uwar da ta shige banɗaki ta ɓuya don kada ɗanta ya gan ta.

A nan ne aka san amfanin ɗakin Gwaggo. Yara suka ninka, har na unguwar gaba ake kawowa. Ta rufe ƙofa ta ce dare ya yi, ta ja waƙar a hankali, tana rage murya, tana rage murya, har su yi barci. Yaro in ya yarda dare ne, ba ya tambayar abincin rana. Sai la'asar ta buɗe musu, lokacin hayaƙi ya fara tashi a gidaje. A shekarun nan ta cire mai shayi daga waƙar, ta cire mai tsire da mai ƙosai da duk wani mai abin sawa a baki. Wata yarinya ta ce, "Gwaggo, ina mai tsire?" Ta ce, "Ya tafi ganin gida, sai kaka zai dawo." Ita kanta a lokacin ta rame har zobenta ya daina zama a yatsa, don rabonta na yamma ma raba shi take yi da angonta.

A cikin wannan yunwar ya yi nasa baitin. Ina tsaye ina sussukar abin da bai kai a kira shi dami ba, na ji 'yar muryarsa ta cikin danga:

Jakinmu ya kai itace, ya tsaya kallon wuta.

Gwaggo ta buga cinya ta ce, "Wannan ƙafafunsa huɗu cif! Angona, ka shiga waƙa." Na ji daɗi har na rasa inda zan sa kaina, amma ban nuna ba. Na ci gaba da sussuka.

Yunwa ta wuce, amma ƙasa ba ta ƙaru ba. Gonar gidan su maigidana da aka raba tsakanin 'yan'uwa bakwai, abin da ya zo hannunmu in ka tsaya a wannan gefe za ka yi hira da na wancan gefen ba ka ɗaga murya ba. Yaron ya kai shekara goma sha bakwai, ƙarfi ya zo masa, ba inda zai zuba shi. Kullum maganarsa birni. Ya ce zai je ya yi dako a kasuwa. Ubansa ya ce shi ba ya hana namiji nema.

Ni ba na so. Allah ya sani ba na so. Amma ta yaya zan buɗe baki in ce ɗan fari ya zauna kusa da ni? A ce me? Na sa rai ga Gwaggo, na ce ita da ta san birnin, ita da yake jin maganarta, za ta taka masa birki.

Ranar tafiyar da safe ya shigo ya tsuguna a bakin ƙofata, da 'yar jakarsa. Ina tankaɗe. Ya ce, "Yaya, zan tafi." Na ce, "To." Ya daɗe a tsugune. Ban ɗaga kai ba, ina ta kaɗa rariya ko gari babu a cikinta. Ya tashi ya zagaya wajen Gwaggo. Sun jima suna magana ƙasa-ƙasa, ban ji ba. Abin da na ji shi ne na ƙarshe, da ta rako shi zaure tana cewa, "Allah ya tsare, angona. Ka gano mini ko fitilun suna nan."

Shekara ɗaya da wata huɗu ya yi. Ba shi da ɗaki a can, a ƙarƙashin manyan motocin da ke kwana a bakin kasuwa yake shimfiɗa kwali, shi da ire-irensa. Wata asuba direba ya ta da mota bai leƙa ba. A can aka binne shi, labari kawai aka kawo mana.

Mutane suka yi ta zuwa gaisuwa, wajen Gwaggo. Ita ce uwar ɗa a idon kowa, ita aka shimfiɗa wa tabarma, ita aka riƙe tana kuka. Ni ina ɗebo ruwa ina miƙa wa baƙi. Wasu in sun karɓi moɗa su ce, "Ke ma sai haƙuri." Ke ma! Sai na shiga bayan rumbu nake cusa zani a baki.

Bayan sadakar arba'in, rana tsaka, na ji ta rufe ƙofa ta ce dare ya yi. Na ji yara sun ɗauka, jakinmu ya kai itace. Ban san lokacin da na tsallake danga ba. Na banke ƙyauren, haske ya shiga, yara suka firgita. Na ce, "Gwaggo, bai ishe ki ba? Kin kashe guda, sauran kike shiryawa?" Ta ce, "'Yar nan, fita mu yi magana a waje." Na ce ba inda za ni. Na ce, "Kin koya musu fitila, kin koya musu tela da jirgi. Me ya hana ki koya musu masu kwana a ƙarƙashin mota? Ba ki gan su ba ne, ko ba su shiga bugun cinyarki ba?" Ta dube ni ta ce, "Na gan su. Ɗan shekara huɗu da yunwa a cikinsa zan gaya wa wannan?" Na ce, "Da kin gaya masa yana sha bakwai." Ta buɗe baki kamar za ta ce wani abu, sai ta rufe. Ta ce, "Haka ne. Laifina ne." Na fizgi hannun autata, wadda ke cikin yaran, na fita da ita, ba ta ƙara taka ɗakin ba.

Shekara tara. Ba ta daina tara yara ba, ba ta kuma cire baitinsa ba, kullum sai na ji shi ta cikin danga. Duk kaka sai ta aiko mini da daddawar da ta yi da hannunta, ni kuma in ba maƙwabta. Da ciwo ya kwantar da ita, babana ya ce, "Ki ji tsoron Allah ki je ki duba ta." Na dama kunu na kai, na ajiye a bakin gado. Ta ce, "Zauna mana, 'yar nan." Na ce na bar tukunya a wuta. Ganina da ita na ƙarshe ke nan.

Ranar sadakar bakwai, da mutane suka ragu, wata ƙawar Gwaggo ta kira ni. Tsohuwa ce da suka yi 'yan matanci tare, ita ta yi mata wanka, kuma ashe tana kusa da ni ranar da babana ya nemi a yafe. Ta ja ni bayan ɗaki ta ce, "Na ga yadda kika rufe baki ranar nan. Gwaggonki ta sa ni rantsuwa kada in faɗa tana raye. To, yanzu ba ta raye."

Ta ce, "Ranar da yaron zai tafi ina ɗakin. Ta hana shi. Ta gaya masa komai, masu kwana a kwata, masu kwana a tasha, har ta riƙe masa jaka. Ya ce shi abu ɗaya zai sa ya fasa. Ya ce, 'Gwaggo, Yaya ta ce miki wani abu a kaina? In ta ce in zauna, wallahi na zauna.' Ita kuwa ba ta iya ƙarya ba, ta ce ba ki ce komai ba. Ya ɗauki jakarsa."

Na ce, "Me ya sa ba ta gaya mini ba? Na tsaya a gaban yara na ce ta kashe shi!" Tsohuwar ta ce, "Na tambaye ta. Cewa ta yi, 'Bar ta ta tsane ni. Ni tsohuwa ce, zan iya ɗauka. In ta san wannan, da wa za ta yi fushi?'" Ta gyara ɗaurin zaninta ta ce, "Ni ba ni da irin haƙurinta, shi ya sa na faɗa miki. Ki je ki yi yadda za ki yi da shi."

Ban yi kuka a nan ba. Na koma gida na zauna a bakin ƙofa, har aka kira magariba ban hura wuta ba.

Mace ba ta zuwa maƙabarta a garinmu. Maigidana kuma yana kudu wajen ci-rani lokacin rasuwar, sai da ruwan farko ya sauka ya dawo. Ranar da ya iso, ko hutawa ban bari ya yi ba. Na ce, "Malam, ka je wajen Gwaggo ka kai mini saƙo." Ya ce, "In ce kin yafe?" Na ce, "A'a. Ba ni da abin yafewa. Ka ce mata 'yar nan ce ke roƙo, ta yafe mini."

Ya tafi bayan la'asar, ya daɗe. Da ya dawo na tare shi a zaure na ce, "Ka faɗa mata?" Ya zauna ya cire hula. Ya ce bazarar bana ta ɗebi mutane, sababbin kaburbura huɗu ya tarar a jere, ruwa ya daddanne su duk sun zama ɗaya, ba kuma kowa a wurin da zai tambaya. Na ce, "To sai ka yi yaya?" Ya ce, "Sai na bi su ɗaya bayan ɗaya. Kowanne na tsuguna na ce, 'yar nan ta ce ki yafe mata."

Allah ya kai mata. Allah ya jiƙanta, ya haskaka kabarinta, ita da sauran ukun da suka ji abin da ba nasu ba.